Wa Ke Da Kwatar Lungunmu?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda na ga ya kamata in kawo ta gaban 'yan'uwa a wannan fitowa, ko Allah ya sa a samu wanda ya fi ni hangen nesa ya taya mu warware ta. Tambayar kuwa ita ce: idan mutanen wani wuri suka tashi haiƙan suna neman a ba su ƙaramar hukuma tasu ta kansu, shin mene ne ainihin abin da suke nema? Kaya suke so a aza musu, ko kuwa kaso suke so a miƙo musu? Mai karatu zai iya ɗauka cewa wannan magana ce ta 'yan siyasa, to amma ni a nawa ganin magana ce ta halayya da sanin haƙƙi, domin ta shafi yadda mutum yake kallon maƙwabcinsa da kuma ƙasar da yake takawa kullum.

Abin da ya jawo mini wannan tunani ba wani babban al'amari ba ne, kwata ce. A wata damina da ta wuce, kwatar da ta ratsa lungunmu a cikin birnin Kano ta toshe da leda da yashi, ruwa ya rasa hanya, ya koma yana cin gindin katangar wata gwauruwar tsohuwa da muke kira Iya. Dattawan lungu suka taru a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar, aka yanke shawarar a rubuta takarda, kuma da yake ana ganin ni ne mai ɗan riƙe alƙalami, ni aka ɗora wa rubutun. Muka ɗauki takarda muka kai wata sakatariya, aka karɓe mu hannu bibbiyu, aka duba, sannan aka ce ai bakin kwatar da ya toshe ba a cikin yankinsu yake ba, na maƙwabtansu ne. Muka je wurin maƙwabtan, su kuma suka ce ai ruwan daga can ɓangaren yake gangarowa, don haka can ya kamata a fara. Muna cikin wannan kai-da-kawo har mako bakwai, wani dare aka kwana ana ruwa, katangar Iya ta zube. Allah ya kiyaye, ba ta danne kowa ba. Da gari ya waye kunya ta kama mu, samari suka fito da shebur da kwanduna da baro, kafin azahar an yashe kwatar tas.

Aikin da bai kai wuni ɗaya ba, shi muka zauna muna jira har mako bakwai. To wa ya yi laifi? Da farko na ɗora wa ma'aikatan sakatariya, amma da na koma gida na natsu sai na ga ashe ni ma da nawa kashin a gindi, domin ledar da ta toshe kwatar daga gidajenmu ta fito, kuma a duk tsawon kwanakin nan ina da shebur a soro.

Kafin Zuwan Sakatariya

Domin mu fahimci yadda aka yi muka iso nan, dole mu ɗan waiwaya baya, tunda Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Birnin Kano ba takardar gwamnati ce ta mai da shi gari ba. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta, musamman Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wanda kuma shi ya kafa kasuwar Kurmi da gidan sarautar da ake kira da sunansa har yau. Wannan ganuwa ba ɗan kwangila ya gina ta ba. Hannuwan jama'a ne suka haƙa ƙasa, suka kwaɓa, suka ɗora. Duk wanda ya kwana a cikinta ya san ya samu tsaro, ya kuma san da abin da ake binsa a kan tsaron nan. A nan ne nake ganin asalin ma'anar gari: wuri ne da mutane suka yarda cewa abin da zai ci ɗayansu zai ci saura, saboda haka kowa ya ɗauki rabonsa na wahala.

Malamai ma ba su bar masu mulki sakaka ba. Shehu Magili, da ya zauna a Kano a zamanin Rumfa, ya rubuta masa littafi kan wajiban sarakuna, inda ya yi ta jan kunnensa kada ya ɓuya wa talakawansa. Bayan shekaru fiye da ɗari uku, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yada zango a Kano, mutanen gari suka roƙe shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake tafiyar da mulki da shari'a. Wato tun fil azal an san cewa akwai igiya biyu: ɗaya ta ɗaure talaka da aikin gari, ɗaya ta ɗaure shugaba da sauraron talaka.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, ba su rushe wannan tsari ba, sai suka ɗora nasu a kansa, aka samu abin da iyayenmu suka sani da En'e. Mai unguwa yana ƙarƙashin wakilin fuska, birni kuwa fuska huɗu aka kasa shi, Gabas da Yamma da Kudu da Arewa, su kuma wakilai suna kai magana fada. En'e tana da baitulmalinta, da 'yan dokarta, da kotunan alƙalanta, da gidan yarinta. Gaskiya ɗaya ce, En'e ta yi aiki. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin harajin Kanawa aka jawo wa birni ruwan famfo da wutar lantarki daga Challawa, aikin da aka buɗe a 1931, lokacin da garuruwa da dama a ƙasar nan ba su san famfo ba. Duba-gari yana shiga gida-gida yana leƙa randa da makewayi, kuma wanda aka samu kwatar ƙofar gidansa da ƙazanta ya san sauran.

To amma fa kada daɗin labari ya sa mu manta da ɗacinsa. En'en nan da ta kawo famfo ita ce take shanya mutum a rana saboda haraji, ita ce take kama ɗan adawa ta kai shi gaban alƙali a ɗaure shi ba tare da wani ƙwaƙƙwaran dalili ba. Tana karɓa daga hannun talaka, tana yin aiki, amma talaka ba shi da bakin tambayar ta nawa aka tara, nawa aka kashe. Igiyar farko tana nan daram, ta biyu kuwa ta tsinke. Wannan ne ya sa a watan Agusta na 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a nan Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta, kuma a cikin wannan wata ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e gyara. Mutane sun sha ɗauri da bulala a kan wannan fafutuka, ba domin komai ba sai don talaka ya samu bakin magana a kan mulkin garinsa.

Haihuwar Ƙaramar Hukuma

Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a ranar 27 ga Mayu, 1967, aka turo Audu Baƙo ya zama gwamna, sai aka fara zare wa En'e haƙoranta ɗaya bayan ɗaya: kotuna da gidajen yari da 'yan doka duk suka koma hannun gwamnati. A 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kawo tsari guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, aka kasa Nijeriya ƙananan hukumomi 301, aka mai da su mataki na uku na gwamnati, sarakuna kuma aka bar musu matsayin ba da shawara. A lokacin ne aka samu Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye, wadda ta haɗa cikin ganuwa da unguwannin waje. Daga nan aka shiga yanka. A 1989, zamanin Janar Babangida, aka fitar da Dala. A 1991 aka cire Jigawa daga Kano. A 1996, zamanin Janar Abacha, aka ƙara wasu, ciki har da Gwale da Fagge da Tarauni, Jihar Kano ta tashi da 44, ƙasa baki ɗaya kuma 774.

Sakamakon haka, birnin da ganuwa ɗaya ta kewaye ya zama ƙarƙashin hukumomi uku. Mutumin Yakasai da na Zango suna Birni da Kewaye, mutumin Madigawa da na Bakin Ruwa suna Dala, mutumin Mandawari da na Dandago suna Gwale. Amma dukkansu a Kurmi suke ciniki, hawan Sallah ɗaya suke kallo, kuma ruwan kwatocin da yawa daga cikinsu Jakara yake nufa, shi kuwa ruwa bai san iyakar da aka ja a taswira ba.

Ga wani abu da ya kamata mu tsaya mu yi nazari a kansa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan hukumomi uku da aka haifa ta hanyar ƙuri'ar mazaunanta. Dukkansu dokar soja ce ta samar da su. Na'am, manyan gari sun rubuta takardun buƙata, sun yi sintiri gaban kwamitoci irin na Arthur Mbanefo da ya karɓi koke-koke kafin ƙarin 1996, amma ba a taɓa tara masu sayar da ƙosai da maɗinka da marina an ce musu ga abin da za ku samu, ga kuma abin da za ku ɗauka, kun yarda ko ba ku yarda ba? An dai ji sanarwa a rediyo, aka yi kiɗa, aka yi murna. Tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa sai an yi ƙuri'ar raba gardama kafin a ƙirƙiri sabuwar ƙaramar hukuma, sannan majalisar jiha da ta tarayya su yi nasu aikin, amma tun daga lokacin lissafin bai motsa daga 774 ba. Ko da Jihar Legas ta ƙirƙiro 37 a 2003, rigima ce ta biyo baya, har gwamnatin tarayya ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar.

Kaya Ko Kaso?

A wasu ƙasashe, alal misali Amurka, idan mazauna wani ɗan ƙaramin wuri suna son su zama gari mai hukumar kansa, su ne za su sa hannu a takardar buƙata, a shata iyaka, sannan a kaɗa ƙuri'a. Kowa ya san idan aka amince, daga aljihunsa za a biya kuɗin kwashe shara da gyaran hanya da fitilun titi. Saboda haka akan samu wuraren da jama'a suke cewa a'a, ba za mu iya ba. Ban kawo wannan misali don in ce nasu ba shi da aibi ba. Akwai inda masu hali suke amfani da wannan dama su ware kansu don kada harajinsu ya amfani unguwannin talakawa, kuma an yi irin wannan zargi lokacin da Sandy Springs ta Jihar Jojiya ta zama gari mai cin gashin kansa a 2005. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi kawai shi ne, a can neman hukuma neman kaya ne. Mutum yana cewa ne a bar ni in ɗauki nauyin wurina.

Mu kuwa fa? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Yawancin abin da ya sa aka yi ta rububin neman ƙananan hukumomi shi ne kason wata-wata daga Asusun Tarayya, wanda ƙananan hukumomi suke da kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa, da kujerun ciyaman da kansiloli, da guraben aiki, da kwangila. Ban ce ƙaramar hukuma ba ta karɓar komai a hannun jama'a ba, tana karɓar kuɗin rumfa da na shago da na tasha, amma duk wanda ya san harkar ya san da wannan kaɗai ba za ta iya biyan albashi ba. Haraji da jangali kuwa, Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979.

A nan ne matsalar halayya ta shigo. Wanda bai zuba ba, ba ya jin zafin ɓarna. Idan aka ce ciyaman ya ci kuɗin hukuma, sai ka ji ana cewa rabonsa ne, ai kuɗin gwamnati ne, kamar dai gwamnati wata attajira ce da ke zaune a Abuja ba ta san yawan dukiyarta ba. Shi ma ciyaman ya san ba daga lungu abincinsa yake fitowa ba, don haka fuskarsa tana kallon sama, wurin wanda ya tsayar da shi da wanda yake sakar masa kuɗi. Mu kuma da muka ga an kafa sakatariya an ɗaga tuta, sai muka ajiye shebur muka ce ai yanzu akwai masu aikin. Ka ga ke nan an yi ba wan ba ƙanen: igiyar da ta ɗaure shugaba da talaka ba ta ƙullu ba, wadda ta ɗaure talaka da aikin gari kuma mun kwance ta da hannunmu. A zamanin En'e ana karɓa a wurinmu ba a yi mana bayani. Yanzu ba a karɓa, ba a bayani, mu ma ba ma tambaya.

Dubi ganuwar kanta. Abin da kakanni suka ɗora da guminsu, jikoki ne suka yi ta ɗibar ƙasarta suna gini, wasu suka yanka filaye a kanta, wasu suka mai da gindinta juji. Ba baƙi ne suka zo daga wata ƙasa suka yi mana haka ba. Ranar da abu ya tashi daga namu ya koma na gwamnati, ranar ya zama marar mai shi.

Abin Da Za A Iya Ce Mini

Na san akwai wanda zai ce, Malam, kana so ne a dawo da haraji a kan talakan da ko abincin dare bai da tabbas? A'a, ko kusa. Soke harajin nan adalci ne, domin haraji ne da yake hawa kan mai shi da marar shi, kuma an wulaƙanta bayin Allah a kansa. Abin da nake cewa shi ne, ashe ba mu daina biya ba, hanyar ce kawai ta sauya. Duk wanda ya sayi katin waya ko wani kayan kanti ya biya harajin kayan masarufi, kuma man fetur da ake sayarwa a raba kuɗin dukiyar 'yan ƙasa ce baki ɗaya. Kason da yake zuwa sakatariya ba sadaka ba ce, kuɗin Iya ne mai katanga. Bambancin kawai shi ne ba ta ga fitarsu daga hannunta ba, shi ya sa ba ta san tana bin bashi ba.

Wani kuma zai ce, ai ƙananan hukumomin nan sun amfane mu, sun kawo ofis kusa, 'ya'yanmu sun samu aiki, an gina azuzuwa da ɗakunan shan magani. Wannan gaskiya ne, kuma wanda ya ƙi faɗar alheri ya yi butulci. Akwai kansilolin da na sani suna kwana da damuwar mazaɓarsu, akwai ma'aikatan allurar rigakafi da suke shiga lungu-lungu cikin rana. Amma kusantar gini daban, kusantar zuciya daban. Ana iya gina sakatariya a ƙofar gidanka, ta kuma fi maka Abuja nisa, in dai ba ka da ikon shiga ka ce a nuna maka lissafi.

Na uku zai ce, laifin gwamnoni ne, su suka riƙe kuɗin ta hanyar asusun haɗin gwiwa, su suke naɗa kantomomi, su suke shirya zaɓen. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya mai ƙarfi a cikinsa. A zaɓen ƙananan hukumomin Kano na Janairun 2021 jam'iyyar APC mai mulkin jiha a lokacin ta lashe kujerun ciyaman 44 duka, a na Oktoban 2024 kuma jam'iyyar NNPP da ta karɓi mulkin jihar ita ma ta lashe 44 duka. Mai hankali ya san Kanawa ba su taɓa zama masu baki ɗaya haka a siyasa ba. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda a tafiyar da su da shugabannin riƙo ba. Hukunci ne mai kyau. Sai dai ina tambaya: idan kuɗi suka tashi daga hannun mutum ɗaya a gidan gwamnati suka koma hannun mutum 44 a sakatariyoyi, alhali mu muna nan yadda muke, ba ma tambaya, ba ma halartar komai, me ya sauya? Kotu tana iya ba hukuma 'yanci, amma ba ta iya ba ta jama'a masu sa ido. Wannan sai mu.

Kammalawa

To me ya rage? A ganina ƙaramar hukuma sau biyu ake kafa ta. Akwai kafawar takarda, wadda soja suka yi mana a 1976 da 1989 da 1996. Akwai kuma kafawar zuciya, wato ranar da mazauna wuri za su ce wannan hukuma tamu ce, kuɗinta namu ne, kunyarta tamu ce. Ta farko an gama ta tuntuni, ta biyu ce har yau ba mu yi ba.

Kuma ba abu ne da ya fi ƙarfinmu ba. Tsarin mulki ya jera ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya: kasuwanni da tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, bayan gida na jama'a, magudanan ruwa da kwashe shara, sanya wa tituna suna da lambar gidaje, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a ilmin firamare da kiwon lafiya. Mutum nawa ne a cikinmu suka san wannan? Jihar Kano tana da mazaɓu 484, kowace da kansilanta. Mutum nawa ne suka san sunan nasu, balle su gayyace shi ƙofar masallaci ya zauna a tabarma ya faɗi abin da ya shigo da abin da aka yi da shi? Wannan ba rashin kunya ba ne, ba kuma tawaye ba ne, shi ne abin da su Malam Aminu suka sha wuya a kansa. Amma wanda zai yi wannan tambaya, ya kamata ya zo da laka a ƙafarsa, ya riga ya yashe ƙofar gidansa, domin mai zuba shara a kwata da dare ba shi da bakin tuhumar kowa da safe.

Mun haɗa kuɗi a lungu mun tayar wa Iya katangarta kafin kaka. Ranar da aka gama, na je yi mata barka, sai ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, takardar taku fa, an amsa?" Na ce ba a amsa ba, Iya. Ta ce, "To ku ci gaba da bibiya, amma kada ku kuma ajiye shebur." Ban ƙara mata komai ba, na yi mata sallama na fito.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin kukanmu, ya kuma sa mu zama jama'ar da ta cancanci irinsu, amin.